Hukunci kafin a ji shaidu

Wani tsohon malamin makaranta yana da akwati cike da littattafan binciken kisan kai, yana ba samarin unguwa aro bi da bi. Wanda aka fi rububinsa shi ne The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, wanda ya fito a 1926, na uku cikin dogayen labaran Hercule Poirot, mai binciken nan ɗan ƙasar Beljiyam. Har sunaye ake rubutawa a takarda saboda layi.

Wani saurayi da ake jin maganarsa a majalisa ya karɓa da la'asar, washegari da hantsi sai ga shi da littafin a hannu.

"Baba, matar nan ha'inci ta yi mana. Ta ɓoye mai kisan, sai a ƙarshe ta jefo shi. Ɓata lokaci ne kawai."

Malam bai musa ba. Ya ce tun fitowar littafin aka sami masu karatu a Ingila da suka yi irin wannan ƙorafi. Sannan ya gyara zama.

"Ɗana, da Poirot ya yi ritaya ya koma ƙauyen King's Abbot, me yake nomawa?"

Saurayi ya yi shiru. Kabewa ce.

"To, a ɗakin da aka soke Ackroyd da wuƙa, me Parker, babban hadimin gidan, ya lura an gusar daga mazauninsa?"

Nan ma shiru. Kujera ce aka janye daga jikin bango, kuma Poirot bai daina tambaya a kanta ba. Malam ya ƙara da wayar da aka buga wa Likita Sheppard a daren, da wasiƙar Misis Ferrars wadda ta ɓace. Ko ɗaya yaron bai sani ba. Daga bisani ya sunkuyar da kai ya ce babi biyu ya karanta, ya tsallaka zuwa na ƙarshe.

Ni dai ina tare da Malam. Christie ba ta ɓoye komai ba. Kujerar, wayar, wasiƙar, har da lissafin mintocin daren, duk ta shimfiɗa su a gaban mai karatu, gwanintarta ita ce ta sa idonka ya bi ta kansu ya wuce. Ba banza ba ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓi littafin a 2013 a matsayin wanda ya fi kowane a fagen. Mutum yana da damar ya karance shi tsaf ya ce bai yi masa ba, kuma zan saurare shi da girmamawa. Amma alƙalin da ya ji shaidar ƙarshe kaɗai, da wane baki zai ce an ɓoye masa hujja?

Abin da ya fi ɓata wa Malam rai ya zo da yamma. Ashe tun daren jiya, a teburin mai shayi, saurayin ya faɗi sunan mai kisan da babbar murya. Yaran da ke biye da shi a layi suka zo suka ce a soke sunayensu. Ƙaraminsu, wanda da wannan littafin yake so ya fara karatun Turanci mai tsawo, bai ko ɗaga kai ba.

Saurayin ya dawo yana neman aron Murder on the Orient Express. Malam ya buɗe akwati, ya miƙa masa wanda ya mayar da safe.

"Fara daga babi na uku, ɗana. In ka gama, ka nemo yaran nan ka ba su haƙuri, sannan mu yi maganar wani."