Gemu Har Ƙirji, Sojoji a Kwali

Tsaya, Malam, kada ka taɓe baki tukuna. Na san abin da ke shirin fitowa: wai ƙato da gemu har ƙirji, mai mata da 'ya'ya, wani ma da jikoki, shi ne zai kulle ɗaki ya duƙufa yana jera sojojin wasa a kan tebur? Shi fa. Kuma ba ɗaya ba ne, ba goma ba. A Ingila da Jamus da Amurka suna nan birjik, da ƙungiyoyinsu da mujallunsu da kasuwarsu mai ci shekara-shekara. Sai dai kana iya daɗewa kuna ofis ɗaya da ɗayansu, kuna shan shayi tare, ba ka taɓa jin cewa a gida yana da bataliya uku da rundunar dawaki a cikin kabad ba.

Ka ce to magana ta ƙare, tunda yana ɓoyewa ai ya san abin kunya yake yi? Haba, alƙali, ko zama ba a yi ba har ka yanke hukunci! Mutumin nan ba ya jin kunyar sojojinsa ko kaɗan. Kai yake gudu. E, kai ɗin nan da ke murmushi. Ya taɓa gwada irinka, ya buɗe ƙofar ɗakin cikin zumuɗi, aka dubi aikin rabin rayuwarsa aka ce, "Au, na yaranka ne?" Tun daga ranar ya sayi kwaɗo.

Tunda zancen yarinta ne sandarka, kawo ta mu gani. Winston Churchill yana yaro ya tara sojojin wasa kusan 1,500. Shi da kansa ya ba da labari a littafin ƙuruciyarsa na 1930 cewa wata rana mahaifinsa, Lord Randolph, ya shigo duba fareti, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi ko yana son aikin soja. Yaro ya ce yana so. Sai daga baya aka gaya masa cewa tsohon ya hango ne kan yaron ba zai ja karatun lauya ba. Ko ma mene ne dalili, daga wannan fareti aka wuce makarantar hafsoshi ta Sandhurst, sauran kuma ka sani: 1940, kujerar Firayim Minista, gwabzawa da Hitila. Amma ni abin da ya fi ba ni dariya shi ne ƙanensa Jack, wanda aka ba rundunar abokan gaba, aka kuma kafa masa dokar cewa ba a yarda ya mallaki igwa ba. Ka ga halin masu abin tun daga tushe. Zo mu yi wasa tare, amma igwa tawa ce.

Ka ce ai Churchill yaro ne a lokacin, da ya girma ya bari? To ga H. G. Wells, marubucin nan da ya ƙago labarin halittun duniyar Mars suna kawo mana hari. A 1913, ya ba arba'in baya, sunansa ya zaga duniya, ya fitar da littafi sukutum mai suna Little Wars, a kan dokokin yaƙi da sojojin wasa. Manya su durƙusa a daɓen ɗaki ko a ciyawar lambu, a auna tafiyar soja da igiya, na ƙasa ƙafa ɗaya, na doki ƙafa biyu, a harba 'yar igwa mai sifirin da ke tofa guntun katako. Wanda harsashi ya kayar ya mutu, babu ɗaukaka ƙara. Shekarun shiga wasan kuwa ya ƙayyade su daga 12 zuwa 150. Shekararka nawa, Malam? To, kana ciki.

Na ga ka sauya ƙafa. Yanzu kuma cewa kake yi masu son jini ne, su kwana su tashi da tunanin yaƙi. Wells ɗin nan dai a ƙarshen littafin cewa ya yi duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi 'yan lokuta zai gane irin shirmen da babban yaƙi yake, don haka gara a tattara masu ƙaiƙayin yaƙi a ba su sojojin dalma su huce a kansu. Shekara ɗaya bayan haka, 1914, waɗanda ba su saurare shi ba suka kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojan dalma in ya faɗi, a tashe shi a mayar kwali. Bai bar marayu ba.

Don kada ka ce na yi maka rowa, ga hujja ɗaya kyauta, riƙe ta da kyau. Peter na Uku na Rasha, tun yana yarima da aurensa, bai rabu da sojojin wasa ba. Matarsa Catherine ta rubuta cewa ta taɓa shiga ɗakinsa ta tarar da ɓera a rataye. Da ta tambaya, sai ya ce kotun soja ce ta yanke masa hukuncin kisa, don ya haura ganuwa ya cinye masu gadi biyu. Ta fashe da dariya, shi kuwa ya ɗaure fuska. Ka ji daɗi ko? Dakata. Matar da ta yi dariyar, ita ce ta tumɓuke shi daga mulki a 1762 bayan wata shida kacal, kuma daga alƙalaminta muka ji labarin ɓeran. Wanda ya ƙwace maka riga ba zai ce ta yi maka kyau ba. Masu tara sojoji dai sun ɗauki darasinsu: ba kowa ake nuna wa ɗaki ba.

Hajiya, na ji ki. Kin ce wannan haukan maza ne, mace ba ta da lokacinsa. Ki yi haƙuri. Anne Brown, Ba'amurkiya, ta yi aure a 1930, suka tafi yawon amarci Turai, ta dawo da sojojin dalma a kaya. Son ta san kakin kowane soja na wace runduna ne ya sa ta shiga sayen littattafai da zane-zane, har abin ya zama ɗaya daga cikin manyan taskokin tarihin kakin soja a duniya. Yau yana Jami'ar Brown a birnin Providence, masana na zuwa nazari. Wasu amaren da turare suke dawowa.

Can baya kuma wani na gyaran murya: gumaka! Hukuncin ajiye siffa a ɗaki na malamai ne, su za a tambaya, ni ba zan yi musu shisshigi ba. Abin da zan gaya maka kawai, Baturen nan ba ya roƙon sojojinsa komai. Su ne ma ke cin kuɗinsa, shi kuma yana goge musu ƙura.

Yanzu mu zo ga babban laifinka, wanda ya fi dariyar muni. Hannu. Kai ba ka iya kallo da ido ba, sai ka ɗauka, ka juya, ka murɗa ka ji ko kan yana motsi. Ka san abin da ka ɗauka kuwa? A 1893 wani mutumin Landan, William Britain ƙarami, ya fito da dabarar zuba narkakkiyar dalma a mazubi a tsiyaye cikin nan take, sai soja ya fito da ɓawo kawai, cikinsa fayau. Dalma kaɗan, kuɗi kaɗan, da haka ya karya kasuwar Jamusawa masu yin nasu ƙirim. Tsayin sojan milimita 54, fentinsa da hannu aka yi, yawanci mata ne suka yi, aka jera shi a jan kwali, galibi na ƙasa takwas ko mahaya biyar. Wanda ke hannunka ɗin nan yana iya girmar kakanka. Wuyansa siriri ne, bindigarsa ta fi wuyan siranta, fentin kuma gumin yatsa na cinye shi. Ka sake shi ya faɗi, kai ya yi gabas, gangar jiki ta yi yamma.

Ka ce to mene ne, ba sai a liƙa a sake fenti ba? Subhanallahi! Yi maza ka janye wannan magana kafin mai ɗakin ya ji. A wajensu soja mai tsohon fentinsa na asali, ko ya ƙoƙe, ya fi wanda aka yi wa sabon fenti yana ƙyalli daraja nesa ba kusa ba. Kwalin ma da kake shirin zubawa a shara, da shi da babu shi farashi ba ɗaya ba ne. Ga kuma wata cuta da suke tsoro kamar annoba, inda dalma ke rikiɗa ta zama farin gari tana zubewa. Laima na kawo ta, tururin wasu katakai na kawo ta, shi ya sa har irin katakon kabad sai an zaɓa. Mutumin da ke kwana da wannan fargaba, shi kake so ya miƙa maka kanar ɗinsa da hannunka na man ƙosai?

Sai kuma waccan shawarar taka mai kama da tausayi: tunda kayan wasa ne, a ba yara mana. A ba su su tsotsa? Dalma guba ce. Saboda haka ne kamfanin Britain ya daina yin sojojin dalma na yara a 1966, roba ta karɓi fage. Masu hankali cikin masu tarawa suna ajiye bokitin sojojin roba a gefe don jikoki, a yi yaƙi da su har a banɗaki. Na cikin gilashi kuwa, kallo daga nesa. Ba rowa ba ce, lafiyar yaro ce. To, da 'yar rowar ma, kaɗan.

Akwai tambaya ɗaya da in ka yi ta an gama zumunci: "Nawa ka saya?" Musamman in uwargida na tsaye da faranti. Wata barkwanci na yawo a tsakaninsu, wai babban tsoron mai tara sojoji shi ne bayan ransa matarsa ta sayar da su a kan farashin da ya gaya mata ya saya. Ka ce ɓarnar kuɗi ce, da ya sayi fili? Laifi tudu ne, Malam. Kai da ka ƙi cin tuwon dare don Arsenal ta sha kashi a garin da ba ka taɓa takawa ba, ka biya kuɗin gidan kallo, ka sayi jesi mai sunan wani ƙato a bayanka, ka yi gaba da maƙwabci mako guda a kan fanareti, kai ne mai wa'azin tattali? Shi aƙalla in ya gaji zai kai gwanjo. Kai wa zai sayi haushinka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To ga abin da ba ka sani ba, kuma shi ne haɗarin gaske. Mutumin nan da kake gani shiru-shiru, bakinsa cike yake fam, neman mai saurare kawai yake yi. Don haka suka kafa ƙungiyarsu a Ingila tun 1935. Don haka suke cika otal kusa da Chicago duk shekara, kowa ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya baza kaya har kan gado, baƙi na shiga suna fita. A garin Kulmbach na Jamus akwai gidan tarihi a cikin tsohuwar ganuwar Plassenburg mai ɗauke da siffofin kuza sama da 300,000. Ɗan fim Peter Cushing ya bar masu ɗaukar hoto sun shiga gidansa a 1956 suka ɗauke shi yana fenti da ɗan siririn burushi, bai ɓoye fuska ba. Malcolm Forbes kuwa, attajirin Amurka mai mujallar Forbes, shi kunya ma bai san hanyar gidanta ba: fada guda ya saya a birnin Tanja na Maroko, ya cika ta da dubun-dubatar sojoji, ya buɗe ƙofa kowa ya zo ya gani. Har fim ɗin James Bond na 1987 an ɗauki wani sashe a ciki.

Ka ce to tunda haka ne sun ji daɗi, me ya rage? Gado ya rage. Forbes ya rasu a 1990, a 1997 aka kai rundunar Tanja gwanjo a Christie's, aka watsa ta gida-gida. In na attajiri ya watse, ina ga na mai fansho? Kawunan da ke zuwa kasuwannin nan furfura ta cinye yawancinsu. Samari sun koma yaƙi a waya da kwamfuta, masu son fentin cikinsu kuma sun fi karkata ga dodannin wasan Warhammer. Dattijo na kallon kabad yana kallon 'ya'yansa, ya san ba mai iya bambanta sojan Napoleon da na Wellington a cikinsu. Shi ya sa in ya ga baƙo ya tsaya ya ƙura ido ba tare da dariya ba, sai ka ga jikinsa na rawa. Ya samu ɗalibi. Wataƙila ma magaji.

Kuma a nan ne zan tausaya maka, don tarkon ba shi da wuyar faɗawa. Ka nuna soja ɗaya ka ce, "Wannan na wace runduna ne?" Shi ke nan, ka kaɗe. Za ka ji dalilin jan kaki, da adadin maɓallan riga, da abin da ya faru a Waterloo a 1815 tun daga ruwan saman da aka kwana ana yi har zuwa isowar sojojin Prussia da yamma. Za a jawo kwali daga ƙarƙashin gado, a jawo wani daga saman sif. Ka duba agogo, ba zai gani ba. Ka yi hamma, ya ɗauka mamaki ne.

Saboda haka in tafiya ta kai ka, wani dattijo ya rage murya ya ce yana da ɗan abin da zai nuna maka a ɗakin sama, ka san an girmama ka ne. Ci abinci ka ƙoshi, yi sallarka tukuna, zuba hannuwa a aljihu, haɗiye dariyar da tambayar farashi. In ya ce ku buga wasa ɗaya, durƙusa, gwiwarka ba ta fi ta Wells ba. Amma kada ka sa rai da igwa, ba za a ba ka ba.