Idan Intanet Ta Ɗauke, Halin Kowa Sai Ya Fito

A ofis ko a shagon kwamfuta, ana zaman lafiya ne muddin fitilun rauta suna ƙyaftawa kore. Da ɗaya ta koma ja, shafi ya tsaya yana ta juyi, sai kowa ya zama injiniya. Ga waɗanda ba a rasawa a irin wannan taro.

Na farko shi ne Malam Kashe-ka-kunna. Magani ɗaya ya sani, shi yake ba kowace cuta. Abin haushin, yakan dace, domin rauta ƙaramar kwamfuta ce: idan ta yi zafi ko ƙwaƙwalwarta ta cushe, kashewa kan wartsake ta. Malam bai san dalilin ba, kuma ba ya neman sani. Ranar da data ce ta ƙare, zai yi ta kashewa da kunnawa har la'asar, yana ƙara tsawon jira a kowane zagaye, wai ɗazu ba a bar ta ta huta sosai ba.

Ƙaninsa shi ne Sarkin Tsinke. Ya gano ɗan ramin nan na bayan rauta, ya kuma ji an ce idan aka soka tsinke aka danne na 'yan daƙiƙu, komai zai koma sabo. Ba a yi masa ƙarya ba. Komai ɗin ya haɗa da sunan wayfai, da kalmar sirri, da saitin da kamfani ya zuba ranar da aka kafa na'urar. Kafin tsinke mutum ɗaya ne ba shi da intanet, bayan tsinke ofis ne gaba ɗaya. Idan aka ritsa shi sai ya ce, "Wallahi Oga, ɗan taɓawa kawai na yi."

Sai Alhaji Laifin-kamfani, wanda ba ya duba komai kafin ya ɗauki waya. Zai wanke yarinyar da ke amsa kiran abokan ciniki tas, har sai ta samu sarari ta ce, "Ranka ya daɗe, fitila nawa ke ci a jikin na'urar?" Ya leƙa, babu ko ɗaya: an ɗauke wuta, kuma ba a jona rauta a layin janareta ba. Amma Alhaji yana da ranar da gaskiya ta zama tasa. A 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni daga Kwaddibuwa zuwa Ghana da Najeriya, har wasu bankuna suka kasa aiki. Tun daga ranar, kowace matsala daga teku take. Ko ɓera ne ya ci kebul a ƙarƙashin teburinsa, sai ya girgiza kai ya ce, "Tekun nan ne kuma."

Wanda ya fi kowa tara 'yan kallo shi ne Gwanin Baƙin Allo. Zai buɗe baƙar tagar nan ta ba da umarni, ya rubuta ping 8.8.8.8 -t, layuka su yi ta zubowa ba tsayawa, shi kuma ya harɗe hannu. Rubutawa ya iya, karanta amsar ce bai koya ba. Idan ya saki tracert, wanda ke lissafo zangon da saƙo ke bi ɗaya bayan ɗaya, ya ga taurari uku a wani layi, sai ya rage murya ya ce an yi mana kutse. Alhali sau tari wata rauta ce a hanya da aka saita kada ta amsa irin wannan tambaya, kuma in zangon gaba ya amsa, hanya a buɗe take. Babbar bajintarsa ita ce ya buga ping 127.0.0.1, amsa ta dawo nan take, ya sanar cewa komai lafiya. Wannan adireshi na kwamfutar da ke gabansa ne. Tamkar mutum ne ya yi sallama a ɗakinsa, ya amsa wa kansa, sannan ya ce mutanen gari duk suna nan ƙalau.

A can lungu kuma akwai Shiru-shiru, wanda shi ne ya fara cewa, "Yau netwok ɗin nan sai a hankali." Shi ne kuwa yake sauke fim mai dogon zango tun safe. Ping kan tona shi: amsar da ke dawowa cikin ƙiftawar ido sai ta koma jan ƙafa. Idan aka shiga shafin rauta, wanda yawanci ke 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, aka duba jerin na'urorin da ke jone, ga wayarsa nan da laƙabinsa a jiki, ga ta mai shayin bakin ƙofa da ya ba kalmar sirri a madadin bashi.

Ta ƙarshe ita ce Mai-bin-sawu, galibi 'yar hidimar ƙasa da ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba. Daga kusa take farawa. Ta duba wuta da kebul. Ta rubuta ipconfig: in adireshin ya fara da 169.254, kwamfuta ba ta samu adireshi daga rauta ba, matsalar tana cikin gida. In ya yi daidai, ta buga wa rauta ping. Rauta ta amsa, sai ta buga wa 8.8.8.8 na Google. In nan aka yi shiru, yanzu ne Alhaji ke da hujjar kiran kamfani. In lamba ta amsa amma sunan shafi ya ƙi, ta gwada nslookup, ta tabbatar cewa DNS ne, wato ma'ajiyar da ke mayar da suna zuwa lamba. Ta sauya zuwa 1.1.1.1 na Cloudflare, ta share tsohuwar ajiya da ipconfig /flushdns, shafi ya buɗe. Ba sabon ilimi ba ne: tun 1983 wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta ping. Abin da ta fi sauran da shi kawai, tana yin tambaya ɗaya, ta saurari amsa, kafin ta yi ta gaba.

Ladanta ba ya jinkiri. Oga zai leƙo ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi albarka. Tunda kin iya wannan, dikodar gidana ta ƙi kamawa, kuma fankar ofishina tana ƙara. Asabar kina da wani aiki?"