Ni da Sa'idu Faru a Lasifika Ɗaya

A danginmu ni ne "na kwamfuta". Na samu wannan sarauta ranar da na buɗe wa wata gwaggona wayarta bayan ta manta lambar sirri, lambar kuwa sifili huɗu ce. Labari ya bazu, ni kuma ban taɓa musantawa ba. Saboda haka da Kawu ya cika shekara 35 yana koyarwa, 'ya'yansa suka shirya masa walimar ritaya a Faru, ko shawara ba a yi ba: ni zan haɗa hotunansa su riƙa wucewa a bango, kiɗa na tashi a ƙasa, murya na bayani, irin abin da wani ɗan'uwanmu ya gani a wani biki a Gusau. Na ce ai ƙaramin aiki ne. Na faɗi haka a gaban mutane, da hula a karkace.

Aka kawo mini hotuna cikin tsohuwar adaka mai warin turare da kyankyaso. Akwai baƙi da fari na masu hoton Talata Mafara, Kawu na riƙe da furen roba. Akwai wanda ya kai ɗalibai ganin madatsar ruwan Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978, yara sun yi sahu suna harare-hararen rana. Akwai na ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, ya sha babbar riga sai ka ce shi aka ba gwamna. Na shimfiɗa su a tabarma da dare, na kunna fitilar waya na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka. Da safe na duba, kowane hoto da farin tabo a goshin Kawu, wasu kuma har da babban yatsana. Tsohon hoto da rana ake ɗaukarsa, a inuwa, ba filasha, a cire shi daga gilashi, a riƙe wayar daidai samansa kada ta karkata. Waɗanda 'yan'uwa na nesa za su turo kuwa, a ce su turo a matsayin takarda, domin WhatsApp yana matse hoto don ya yi saurin tafiya. A fuskar waya ba ka ganin bambanci. Sai an faɗaɗa shi a bango za ka ga hanci ya zama bulo-bulo.

Daga nan na shiga manhajar haɗa bidiyo ta waya, irin ta kyauta, na jera hotuna. A nan shaiɗan ya same ni. Na tarar akwai hanyoyi barkatai da hoto zai bi ya ba wani wuri: ya tarwatse, ya narke, ya yi ƙundumbala, ya fito daga cikin tauraro. Na ga rashin adalci ne in zaɓi ɗaya in bar saura, sai na ba kowane hoto nasa. Na kuma gina aikin a tsaye, ma'aunin 9:16, wanda aka yi don kallo a tafin hannu, alhali bango da talabijin a kwance suke, 16:9. Wannan tun kafin ka sa hoton farko ake zaɓarsa. Rubutun ƙasan hotuna ma na zaɓi wani mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, ban lura ba cewa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Duk inda suka faɗo sai ya dasa ɗan akwati.

Sai maganar murya. Na taso ina jin Sashen Hausa na BBC a rediyon Kawu, don haka na ɗauka duk mai magana a na'ura dole ya daidaita maƙogwaro ya ja kalma. Na ajiye Hausar gidanmu, na ari ta Kano, na zauna a falon siminti mai rufin kwano, na manna waya a leɓe. Ban rubuta komai ba, wai kada abin ya zama karatu. Abin da ya fito ya fi kama da mutum yana wa'azi daga cikin rijiya, kowace "fa" da "ba" tana bugun kunne, tsakanin jimla da jimla kuma "to", "wato", "ka gane". Na sake da asuba, zakaru suka shiga. Na sake da hantsi, injin niƙan maƙwabta ya shiga. Da dare janareto. A wani ɗauka mai kyau da na kusa kai ƙarshe, waya ta yi ƙara, mai kiran yana tambaya ko na gama.

Abin da ya kamata, wanda na gano bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ba shi da tsada. Ɗakin ƙasa ya fi falon siminti, musamman mai katifa da labule da tulin kayan sawa, domin su ke shanye amon da ke dawowa daga bango. A sa waya a yanayin jirgi. A ajiye ta bisa matashi, nisan taƙi ɗaya daga baki, a ɗan kauce gefe don iskar baki kada ta doki makirufo. A rubuta abin da za a faɗa, a karanta da ƙarfi, duk jimlar da numfashi bai kai ƙarshenta ba a raba ta biyu. A ɗauka gutsure-gutsure, kowane sakin layi da fayil ɗinsa, in ka yi tuntuɓe a wuri ɗaya ba sai ka koma bismilla ba. Kuma a yi magana yadda ake yi a zaure.

Kiɗa kam ban yi dogon tunani ba. Muna Faru. Garin nan ne ya haifi Sa'idu Faru, makaɗin kotso, wanda ake wa laƙabi da Malamin Waƙa, mawaƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana riƙe da Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Masu nazarin waƙa a jami'o'i sun cika takardu a kansa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya sa tarihinsa a littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa. A Faru ba sai an buɗe littafi ba, tsofaffi sun haddace shi, sun san wa aka yaba, sun san wa aka yi wa habaici. Na ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙinsa na shimfiɗa ta ƙarƙashin muryata tun daga farko har ƙarshe. Na saurara da abin kunne, na ji mun dace da juna, ni da shi.

Ana gobe walima, Gwaggo ta aiko da wani hoto, ta ce in bai shiga ba ita ma ba ta zuwa. Na cusa shi kusa da farko, na fitar da bidiyon, na kwanta ban sake kallo ba. Ga wanda bai sani ba: a irin waɗannan manhajoji hotuna na kan layinsu, murya na kan nata. In ka cusa hoto a tsakiya, duk na bayansa sai su matsa gaba, muryar kuwa tana nan inda ka bar ta.

Bayan isha'i aka kafa farin zanen gado a bangon ƙofar gida. Na'urar haskawa da aka aro tsohuwa ce, mai shuɗin kai na VGA, wanda hoto kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti, ba kamar HDMI ba. Aka yi ta guje-guje har aka samu wata waya da ta haɗa kwamfuta da lasifikar masu sanarwar biki. Dattawa na zaune a kujerun gaba suna jira cikin haƙuri. Su ba baƙin wannan abu ba ne. Sun ga majigi tun ana zuwa da shi a mota, a kafa ƙyalle a fili, a nuna irin su Baban Larai kan noman auduga, wani kuma na tsaye da lasifika yana bayani. Sai dai shi mai bayanin majigi yana ganin fuskokin jama'a: in sun yi dariya ya dakata, in sun gaji ya taƙaita. Tawa muryar an riga an ɗaure ta, ba ta ji ba ta gani.

Kawu ya bayyana a tsakiyar zane, siriri, baƙin fili hagu da dama, tambarin manhajar kyauta na zaune a kusurwa. Kotso ya tashi. Abin da na ji a hankali cikin abin kunne, a babbar lasifika ya cika unguwa. Dattawa suka gyara zama, kawuna suka fara kaɗawa, wasu na karɓar amshi. Sai ga ni na shigo da "Masu kallonmu, barkanmu da war haka."

Wani tsoho ya ɗaga sanda. "Wa ka wanga surutu bisa bakin Malamin Waƙa? A kashe shi mu ji!"

Na duƙar da kai bayan kwamfuta. Wani abokina ya raɗa mini, "Yaushe kak koma Bakano?" Daga ɓangaren mata kuma, da hoton Kawu ya yi ƙundumbala ya ɓace cikin tauraro, na ji wata tsohuwa na tambaya da gaske, "Mi Malam yay yi muku kuka juya shi awa waina?"

Sannan hoton Gwaggo ya fara aikinsa. Ina cewa "ga madatsar Bakolori mai faɗi, wadda ke shayar da gonakin shinkafa har Bakura", abin da ke bango surukin Kawu ne a bakin tire. Ina cewa "ga shi nan cikin ƙuruciyarsa, ƙarfi ya kawo", sai ga san huɗa da ya saya da bashin ƙungiya. Wannan duk an yi dariya an wuce. Wanda ba a wuce ba shi ne na tsohon hedimasta, aminin Kawu, da ke zaune a sahun gaba. Waƙar fada ba yabo ce zalla ba. Makaɗi na ɗaga ubangidansa, sannan ya juya ya yi wa abokan hamayyarsa zambo, Sa'idu Faru kuwa gwani ne a nan. Ni ban taɓa sauraron waƙar da kunnen basira har ƙarshe ba. Daidai inda zambo ya fi kauri, nan hoton hedimasta ya fito, ya kuma daɗe, domin na ƙara masa lokaci don girmamawa. Wurin ya yi tsit, sai wani ya kasa riƙewa. Washegari da sassafe ni da Kawu muka tafi ba da haƙuri, ni ke ɗauke da goro.

Na sake aikin daga tushe, wannan karon da tsarin da ya kamata. Murya ce farko: a rubuta, a ɗauka, a jera ta. Sannan a ɗora hotuna a kanta, kowanne ya faɗo kan jimlarsa, daƙiƙa 4 zuwa 6, na taron jama'a ya ɗan fi haka don kowa ya nemo fuskarsa. Hanyar sauya hoto guda ɗaya tak, ta narkewa a hankali. In ana son motsi, a bar hoton ya riƙa matsowa sannu-sannu zuwa fuska, dabarar da ake kira da sunan Ken Burns, Ba'amurken da ya ba da tarihin yaƙin basasar ƙasarsu a 1990 da tsofaffin hotuna da murya. Mai kwamfuta kuma PowerPoint zai rage masa wahala, domin yana ɗaure kowace murya da shafinta, in ka cusa sabon shafi sai su matsa tare. Sai dai a yi shiru lokacin da shafi ke sauyawa, ba ya ɗaukar magana a wannan gaɓa. Daga ƙarshe a fitar da shi a MP4, a kalla tun daga farko har ƙarshe a kan na'urar da za a nuna shi, da lasifikar da za a yi amfani da ita.

Kiɗa ne na ƙarshe, kuma a nan na sauya ra'ayi gaba ɗaya. Masu koyarwa a intanet za su ce ka rage shi zuwa kashi 10 ko 15 cikin 100 in ana magana, wasu manhajojin ma da kansu suke dusashe shi da zarar murya ta shigo. Wannan ya yi ga kiɗa marar baki, gurmi ko sarewa ko garaya zalla. Waƙa mai kalmomi kuwa, ko ka mayar da ita raɗa, kunne na bin ta, balle wadda mutane suka haddace. Sai a ba ta filinta ita kaɗai, a buɗe da ita, a rufe da ita, tsakiya a bar wa mai bayani. A kuma tambayi masu gida tukuna, akwai gidan da ba a son kiɗa sam, musamman a walimar malami. Mai niyyar ɗorawa a Facebook ko YouTube ya sani suna da na'urar gane waƙoƙin da aka yi wa rajista, suna iya toshe sautin, kuma waƙar makaɗi tana da magada. Hotunan matan aure ma haka, a nemi izini kafin a haska su a ƙofar gida.

Rabawa kuma ban dogara da intanet ba. Wanda ya zauna Zamfara a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro, mutane na tsallakawa wata jiha don kira ɗaya, ya san abin da ke cikin memori shi ne naka. Na fitar da babba, 1080, na ajiye a filashi don bango, na fitar da ƙarami, 720, mai sauƙin turawa waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. Wani ƙanena ya kai wa masu turi a kasuwar Mafara ranar Talata, 'yan'uwa na ƙauye suka riƙa karɓa a can.

Kawu kuwa, ni na sa masa da hannuna. Ya kalla, ya sa mini albarka, ya ce wannan karon ya gane Hausata. Bayan sallar Juma'a ya aiko a kira ni, na same shi a zaure da waya a hannu, tabarau a karan hanci.

"Ɗan nan, farko da ƙarshe sun yi," in ji shi. "Ina aka taɓawa a tsallake tsakiya?"