Motar Tsere a Hanyar Shagari

Golf 3 ɗina ba ta taɓa yi mini laifi ba. Shekara tara tana kai ni Sakkwato daga Boɗinga ta dawo da ni, ba ta neman komai sai mai da ruwan lagireto. Ɗan yayata ne ya shiga tsakaninmu. Ya nuna mini wata Golf a YouTube, can Jamus, tana wuce motoci kamar an kafe su.

"Kawu, irin taka ce fa. Kamshaf kawai suka sauya."

Kamshaf wani dogon ƙarfe ne mai ƙusumbi-ƙusumbi a saman inji. Shi ke buɗe bawul, kuma sai kiransha ya juya sau 2 kafin shi ya juya sau 1. Na tsere ƙusumbinsa ya fi tudu, bawul ya buɗe sosai, inji ya sha mai ya sha iska. Iyakar abin da yaron ya bayyana mini ke nan, ni kuwa na sayar da rago na aika Legas.

Da na kai wa bakanikena, ya juya ƙarfen a hannu ya dube ni.

"Alhaji, motag ga ta tsuhwa. Bar ta yadda Bajamushe yay yi ta."

Na ce hassada ce. Ranar Juma'a bayan an sauko, muka ari sifana, ni da yaron, muka kwance inji a gindin dogonyaro, waya jingine da batir tana koya mana aiki da Turanci. Wajen mayar da bel ɗin taimin data ta ƙare. Muka saita maki da ido. Noti biyu suka yi saura, yaron ya ce na kyauta ne.

Washegari akwai ɗaurin aure a Shagari, goron yana but ɗina, Baffa yana gidan gaba da babbar riga. Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne, irin wannan kamshaf sai inji ya yi sama sosai yake farkawa. A silo kuwa mota rawar ɗari take kamar mai masassara. Hanyarmu ga tudun rage gudu, ga shanu, ga 'yan makaranta. Ko'ina na sassauta sai ta mutu, Baffa ya karanta abin da ya sawwaƙa, in sake ba ta wuta.

Mun wuce mararrabar Yabo kaɗan salansa ta yi wata irin ƙara. A wannan zamani ba a tsayawa tambaya. Mai ƙosai ta bar kasko, wani mai rake ya kwanta rubda ciki. Wani jaki ɗauke da kara ya wuce mu, muka wuce shi, ya sake wuce mu.

"Wai wagga ita ta ta tseren?" in ji Baffa. Ya sauka, ya tare kabu-kabu, ya aza kwandon goro a cinya.

Garin da ya ba Najeriya shugaban ƙasa a 1979, ni da turi na shige shi, an daɗe da shafa fatiha.

Bakanike ya mayar da tsohon kamshaf, ya ce bel ya goce haƙori ɗaya, ya karɓi kuɗi ninki biyu ba ragi. Sabon yana tsakar gida, uwargida ta kafa shi tana ɗaure akuya. Mai so ya zo da rago.