Bahaushen Rana Ɗaya

Tun 2015 da aka fara bikin Ranar Hausa, duk 26 ga Agusta Hausawa kan ninka a Facebook. Alhajin da rabonsa da babbar riga tun ɗaurin aurensa zai zaro ta daga ƙasan akwati tana warin kafur, ya kafa zanna-bukar, ya aiki yaro maƙwabta aron ƙwarya. Hajiya ta sha lalle, ta rungumi tulu, ta tsaya gaban mai hoto. Da an ce hoto ya fita, tulu ya koma wurin masu shi, ita kuma ta buɗe firji.

A ranar, karin magana ta fi tumatirin 'Yankaba araha. Kowa masani ne. Amma leƙa gidan Alhajin nan da yamma ka ce wa ƙaramin yaro "ina wuni". Zai zuba maka ido, uban kuma ya yi dariyar alfahari: "Ai ba ya jin Hausa sosai, makarantarsu tara ake ci." Ranar da Iya ta zo daga ƙauye ganin jikoki, sai an nemo mai aiki ta yi tafinta.

Shi dai wannan bawan Allah ne ke bugun ƙirji cewa a 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, alhali shagonsa a kan badala ya yanka ya gina. Yana kirarin marinar Ƙofar Mata, amma bai san hanyarta ba sai ya tambayi Baturen da ya zo yawon buɗe ido.

Ba wanda ya ce a jefar da waya a koma kan jaki. Kakanninmu ma sun karɓi shayi da keke da rediyo, kuma ba su daina durƙusa wa iyayensu ba. Matsalar ita ce kunya da zumunci da gaida manya ba sa fitowa a hoto, shi ya sa kasuwarsu ta faɗi.

Don haka Malam, bana kafin ka sa rigar nan ka kira mai hoto, zauna ka tambayi kanka rabonka da gidan gwaggonka. In ka kasa tunawa, mai da ƙwaryar mutane, ka kwashi yaran ku je gaisuwa.