Masu Kiwon Tsohon Inji

Idan masu hali a Amurka suka gaji da tara gidaje da dawaki, wasunsu sukan koma tara injinan tseren mota da suka daina numfashi tun kafin a haifi 'ya'yansu. Ba kowane inji ba, sai na alminiyam, wanda aka zuba a shekarun 1960 da 1970, lokacin da yawancin motoci ke fama da baƙin ƙarfe mai nauyin tsiya. A gefensu akwai 'yan uwansu masu tara motocin tseren daji, waɗanda suka sha ƙurar Baja a Meziko. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai masu wannan kiwo ba halinsu ɗaya ba, kuma duk inda aka kafa gwanjo za ka gan su, kowa da alamarsa.

Wanda ke riga kowa isowa shi ne Mai Tocila. Ba ya gaisuwa. Kafin mai kaya ya miƙa masa hannu ya riga ya kwanta a ƙasa, tocila a baki, maganaɗisu a hannu. Maganaɗisun yana da dalili: ba ya kama alminiyam, kuma akwai masu shafa wa baƙin ƙarfe fenti ruwan azurfa su sa masa farashin gidan bene. Idan ya manna ya faɗi, sai ya shiga neman lamba. Mutumin nan zai iya manta ranar aurensa, amma ko cikin barci ka taɓa shi zai gaya maka cewa a 1969 kamfanin Chevrolet ya ƙera Camaro 69 kacal masu injin ZL1, da Corvette guda biyu. Zai ƙara da cewa injin kaɗai dala 4,160 aka sa masa, ya fi motar da ke ɗauke da shi tsada, har dillalin da ya yi odar hamsin, Fred Gibb na jihar Illinois, ya kasa sayar da yawancinsu ya mayar wa kamfani. Abin da ke hana Mai Tocila barci shi ne, Chevrolet ya kuma sayar da irin injin a kan kanta ga 'yan tsere, ba cikin mota ba. Saboda haka inji na iya zama na gaske, mota ta gaske, amma aurensu na jiya ne. Shi kuwa auren fari yake nema, da shaidu.

Abokin gabarsa shi ne Mai An Ce. Wannan ba shi da takarda ko ɗaya, amma yana da labari. An ce injinsa ya taɓa zama a bayan motar Bruce McLaren a gasar Can-Am. Wa ya ce? Wani tsohon makanike. Ina yake? Allah ya yi masa rasuwa. Gaskiya ne McLaren da Denny Hulme sun mallaki Can-Am a ƙarshen shekarun 1960 da manyan injinan Chevrolet, har aka koma kiran gasar da sunayensu, kuma McLaren ya rasu a 1970 yana gwajin mota a Goodwood. Amma da za a tara duk injinan da aka ce ya taɓa, da bai sami lokacin tuƙi ba, sai dai yawon shafa inji. Idan ka matsa wa Mai An Ce, sai ya fito da wani hoto da ya dushe, wanda ke nuna mutum uku sun ba kyamara baya, ya ɗora yatsa a kan wani baƙin ɗigo ya ce, “Ka gan shi nan.”

Akwai kuma Mai Ƙura da Mai Tsumma, waɗanda ba a zaunar da su benci ɗaya. Mai Ƙura ya sayi motar da ta yi tseren Baja, ya rantse ruwa ba zai taɓa ta ba. Kowace lotsawa a jikinta tana da tarihi, yashin da ya maƙale a ƙarƙashin kujera kuwa ya fi masa turare. Ranar da yaron gida ya ga datti ya wanke ta don neman lada, ranar aka yi zaman makoki. Mai Tsumma shi akasin haka ne: ya kwance motar har ƙusa ta ƙarshe, ya goge alminiyam ɗin har kana ganin haƙoranka a ciki, ya fesa fentin da masu motar na asali ba su taɓa mafarkinsa ba. Mutanen da suka ƙera ta a gareji cikin dare, da guduma da sauri, da za su dawo ba za su gane ta ba. Ni dai idan tilas ne in zaɓa, ina bayan Mai Ƙura, ko da yake na san wani lokaci ƙurar ta bayan gidansa ce.

Dukansu biyu suna yin shiru idan aka ambaci Big Oly. Ita ce Ford Bronco ta Parnelli Jones da Bill Stroppe, wadda a gaskiya sunan Bronco kawai ta ara: ƙashinta bututun ƙarfe ne, jikinta faiba, rufinta wani ƙaton fiffike. Ta ci tseren mil dubu na Baja a 1971 da 1972, Jones ya riƙe ta a hannunsa kusan shekara hamsin, sannan a watan Mayun 2021 aka buga mata guduma a gwanjon Mecum a kan dala miliyan 1.87. Tun daga ranar duk mai ruɓaɓɓiyar Bronco a bayan gida ya fara kallonta da wani ido.

A nan Mai Lissafi ya shigo. Bai san inda ake zuba mai ba, kuma ƙarar inji na sa masa ciwon kai. Abin da ya sani shi ne, ƙaramar motar yashi ta Meyers Manx da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin The Thomas Crown Affair ta tashi dala 456,000 a 2020, kuma Porsche 959 ta tseren Paris zuwa Dakar, tseren da mutanen Agadez suka sha kallon wucewarsa, ta kusa dala miliyan shida a 2018, alhali a 1985 da ta shiga ko ƙarshen hanya ba ta kai ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa ba sai mota ta ci tsere ba, ta dai sami suna. Ya saya, ya kulle a ɗaki mai na'urar sanyi, yana jiran farashi ya haihu. Samu ya fi iyawa.

Mai Gyara Magana ba ya saye, ba ya sayarwa, zuwa yake ya tsaya a bayanka. Ka ce injin Volkswagen na Manx alminiyam ne, ya yi gyaran murya: akwatin injin na magniziyam ne. Ka ce an fara tseren Baja 1000 a 1967, ya ce a lokacin sunansa Mexican 1000, daga Tijuana zuwa La Paz, kuma Vic Wilson da Ted Mangels ne suka ci cikin awa 27 da minti 38. Abin haushin, kullum shi ne da gaskiya.

Wanda ya fi ba ni tausayi Mai Teburi ne, domin kowa ya raina shi. Ya samo gangar injin Rover V8, ya wanke, ya ɗora mata gilashi, ya ajiye a falo ana shan shayi a kai, ramukan silinda takwas kuma ya jera kwalabe. Masu tara inji suna ganinsa kamar wanda ya yi wa gawa kwalliya. Alhali injin da ke ƙarƙashin kofinsa ɗan babban gida ne. Buick na General Motors ne ya fito da shi a 1961, kamfanin ya gaji da wahalar zuba shi ya daina bayan shekara uku, Rover na Ingila ya saye shi a 1965 ya yi ta amfani da shi kusan shekara arba'in, har cikin Range Rover. Ɗan uwansa na Oldsmobile kuwa, a kan gangarsa aka gina injin Repco da Jack Brabham ya ci kambun duniya na Formula 1 da shi a 1966. Laifin injin ɗaya ne: an yi shi da yawa. Da a Panteka ta Kaduna ya faɗo, da tuni maƙera sun narkar da shi ya zama tukunyar biki, kuma ban tabbata teburi ya fi wannan daraja ba.

Dattijon Wata Rana yana can ƙauye, da rumfa cike da injina a ƙarƙashin tamfol. Ba na sayarwa ba ne, zai gyara su wata rana. Tun yana da baƙin gashi yake faɗa. Dillalai sun san hanyar gidansa, sun san ranar haihuwarsa, kuma suna tambayar lafiyarsa da wata irin kulawa da ba ta yi wa matarsa daɗi.

Sai Mai Takawa, wanda sauran ke ɗauka mahaukaci ne. Tun da ƙungiyar NORRA ta farfaɗo da Mexican 1000 a 2010 don tsofaffin motoci, shi kowace shekara yana ɗaukar abin da Mai Lissafi zai kulle a ɗaki ya jefa shi cikin duwatsu da rairayi. Hujjarsa ita ce don haka aka ƙera ta. Kuma tarihi na bayansa: a zamaninsu 'yan tsere ba sa jin tausayin inji, idan ya fashe yau a ciro a sa wani gobe, jikin mota ya lotse a yar a ɗora sabo. Asalin da Mai Tocila ke nema da fitila, su suka watsar da shi a hamada da hannunsu. Shi ya sa za ka iske mutum biyu suna shari'a a kan mota ɗaya, wannan yana riƙe da ƙashinta, wancan da farantin lambarta, kowa na rantsuwa tasa ce ta gaske.

Dukansu a ƙarshe wurin mutum ɗaya suke zuwa: mai walda. Alminiyam yana karɓar walda fiye da baƙin ƙarfen zubi, don haka injin da sandar fistin ta fasa wa taga a gefe ana iya yi masa faci, a goge, ya koma kamar bai taɓa ciwo ba. Mai walda ya san injin da aka haɗa daga gawa uku, ya san wanda lambarsa ta fi jikinsa ƙuruciya. Ba ya zuwa gwanjo, ba ya sa baki a gardama. Idan Mai Tocila ya ja shi gefe ya ce, “Tsakaninka da Allah, wannan na asali ne?” sai ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya dubi injin, ya ce, “Wane ɓangaren?” Sannan ya miƙa masa takardar kuɗin aiki.