Ranar da Aka Auna Talaucina da Taku

Jiya abin ya faru, har yanzu ban iya haɗa ido da kowa a aji ba.

Ni ne kakakin talakawa a ajinmu. Ba a buɗe muhawara ban jawo Malam Aminu Kano da NEPU da aka kafa a 1950 ba, har aka laƙaba mini "Ɗan Sawaba". To, malamarmu ta darasin al'adun Najeriya ta ce ƙasa mai ƙabilu sama da 250 ba a fahimtarta a zaune. Ta fito da mu fili, ta jera mu sahu guda, Bahaushe da Tibi da Babarbare da Bayarabe, za a yi wani atisaye na jami'o'in Amurka na gane masu gata. Sai da na yi jawabi tukuna: "Yau asirin 'yan gata zai tonu!" Aka tafa.

"Wanda iyayensa biyu suka yi boko, taku ɗaya gaba." Na taka. "Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba." Na taka. "Wanda in an ɗauke wuta ake tada janareto a gidansu." Na taka, amma a hankali. "Wanda ya taɓa talla, taku ɗaya baya." Na ji takalma suna ja da baya, da yawa.

"Kowa ya waiga."

Wayyo waigawar nan! Ni kaɗai a gaba, hancina na shirin taɓa katanga. Ɗan kwamishina ma yana bayana. Can ƙurya kuwa ga Bafulatanar da nake yi wa lacca kullum a kan wahalar talaka, ta harɗe hannu tana kallona. Ashe da tallan nono ta gama firamare.

Wata tsohuwa mai gyaɗa da ke gindin darbejiya ta ɗauka tsere ake yi na ɓata. "Ɗan nan, ƙafarka ce ta yi tsawo, rage taku!" Da ta ga ban motsa ba, ta yi raɗar da kowa ya ji: "Koma baya kaɗan, Malama ba ta kallo."

Ana cikin wannan shirun, sai ga direbanmu ya ratso fili da kula mai hawa uku. Ya rusuna. Rusunawa fa, har ƙasa, a gaban Tibi da Babarbare! "Ranka ya daɗe, Hajiya ta ce farfesun ka sa shi a firij."

Tsohuwa ba ta karaya ba: "Ka ce ba ka san shi ba!"

Direba ya juya a fusace: "Haba Iya, ni da nake kai shi makaranta tun yana nazare?"

Babarbaren ya ɗaga hannu ya ce, "Sawaba!" Aji ya kece da dariya, har Malama.

'Yan sahun baya ne suka cinye abincin, kular ma ba su dawo da ita ba.